Daga Ƙurar Reggane Zuwa Ƙarfen Sabis: Waiwaye Kan Hasken da Ido Ba Ya Gani

Da sanyin safiyar Asabar, 13 ga Fabrairun 1960, ana saura kimanin mako biyu a kama azumi, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da Reggane, cikin saharar Aljeriya. A kan wata hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 100 aka ɗora shi, ƙarfinsa kuwa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Tsakanin wurin da garin Haɗeja akwai tafiyar da ta haura kilomita 1,800. A irin wannan lokaci na shekara ruwan ambaliya ya ja da baya a dausayin Baturiya da ke yankin Haɗeja, masunta suna tsakiyar su, tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai sun cika tafkuna, hazon hunturu kuma bai gama ɗaukewa ba.

Sai a 2014 wata taswirar sojan Faransa ta fito fili, ta nuna inda ƙurar bam ɗin ta bi. Cikin kwana guda ta kai Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, wadda ke gabas da Haɗeja da kimanin kilomita 550. Bayan kwana huɗu tana Bamako. Duk wanda ke rayuwa a ƙarƙashin wannan sarari ba shi da hanyar sanin me ke wucewa ta kansa, domin abin da ƙurar ta ɗauko ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya kuma ƙona fata nan take. Tun daga wannan rana labarin radiyeshin ya zama namu, ko da yake har yau yawancinmu a dunƙule muke jin tsoronsa, ba mu rarrabe mai cutarwa da marar cutarwa.

Kafin a kai ga bam, an shafe shekara fiye da ɗari ana gano abin kaɗan-kaɗan. A 1800 William Herschel ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai zafin ya ƙaru. Wannan shi ne infared, ɗumin da kake ji a fuska idan ka matsa kusa da murhun banda ko da ba ka taɓa wuta ba. Shekara guda bayan haka Johann Ritter ya gano wani a ɗaya gefen, gaba da launin shuɗi mai duhu, shi ne ultrabayolet. Heinrich Hertz ya samar da igiyar rediyo a ɗakin gwaji wajajen 1887. Ranar 8 ga Nuwamban 1895 kuma, a garin Würzburg na Jamus, Wilhelm Röntgen ya ci karo da hasken da ke ratsa tsoka ya tsaya a ƙashi, har ya ɗauki hoton hannun matarsa da zobenta a yatsa. Daga nan hoton ƙashi da hoton ƙirji suka samo asali.

Duk waɗannan dangi ɗaya ne da hasken da muke gani. Gudunsu ɗaya, kilomita 300,000 a daƙiƙa. Abin da ya raba su shi ne ƙarfin da kowane ɗigo nasu yake ɗauke da shi. Igiyar rediyo ce a can ƙasa, sai ta wayar hannu, sai infared, sai hasken ido, sai ultrabayolet, sai hasken hoton ƙashi, sai gama a ƙololuwa. A wajajen ultrabayolet ne iyakar da ta shafi lafiyarmu take. Abin da ke ƙasa da iyakar, iyakacin aikinsa ya ɗumama jiki. Abin da ke sama da ita yana da ƙarfin fizge ilektiron daga ƙwayar zarra, ya tsinka zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, inda ciwon daji yake farowa. Ko za ka wuni kana watsa wa tulu gero ƙwaya-ƙwaya ba zai tsage ba, amma dutse ɗaya daga majajjawar mai korar jan-baki ya ishe shi. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya riƙe rabin ilimin.

Ɗaya rabin ya fito ne daga cikin dutse. A 1896 Henri Becquerel ya ajiye gishirin yuraniyom a kan farantin hoto a cikin aljihun tebur a Paris, da ya wanke farantin sai ya tarar ya yi baƙi, alhali rana ba ta taɓa shi ba. Ashe wasu ma'adinai da kansu suke fitar da tururi, dare da rana, ba tare da an hura musu wuta ba. Marie Curie da mijinta Pierre suka bi sawun abin har suka gano poloniyom da radiyom a 1898. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano, shekara uku kafin yaƙin Haɗeja inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. Marie Curie ta rasu a 1934 da ciwon lalacewar ɓargo, bayan ta shafe rayuwarta tana aiki da waɗannan abubuwa ba tare da kariya ba.

Ernest Rutherford ne ya lura a 1899 cewa tururin ba iri ɗaya ba ne. Ya sa wa ɗaya suna alfa, ɗaya bita. Paul Villard ya gano na uku a 1900, wanda aka kira gama, sannan James Chadwick ya gano niyutiron a 1932. Alfa ɓarɓashi ne mai nauyi da ke fitowa daga cibiyar ƙwayar zarra. Ba ya nisa, takarda guda ko fatar jiki ta waje tana tare shi. To amma nan ne mutane suke ruɗuwa, domin idan aka shaƙe shi cikin ƙura ko aka sha shi cikin ruwa, babu sauran fatar da za ta tare, duk ƙarfinsa a kan huhu ko hanji yake ƙarewa, kuma a cikin jiki ya fi sauran ɓarna. Bita ilektiron ne mai gudu, yakan yi 'yan mitoci a iska, yakan ƙona fata, fallen alminiyam yana tsayar da shi. Gama ba ɓarɓashi ba ne, haske ne, yana ratsa mutum ya wuce, sai dalma ko kankare mai kauri ke rage shi. Niyutiron kuwa ruwa mai zurfi da kankare ake sa masa a gaba.

Akwai kuma maganar lokaci. Kowane irin sinadari mai tururi yana da wa'adin da rabinsa yake ƙarewa. Na aidin-131 kwana 8 ne. Na siziyom-137 shekara 30. Na yuraniyom-238 shekara biliyan huɗu da rabi. Ƙurar bam tana ɗauke da na farko da na biyu, da sitironshiyom-90 mai kama da sinadarin ƙashi, wanda jiki ke karɓa ya ajiye a ƙashi. Hanyar da suka fi bi su shiga jikin mutum ita ce ta ciyawa: ƙura ta sauka a makiyaya, saniya ta ci, yaro ya sha nono. Ta wannan hanya ce aidin ya jawo wa dubban yara ciwon dajin maƙogwaro bayan haɗarin Chernobyl na 1986. A ƙasar da fura da nono suke abincin yau da kullum, wannan ba ƙaramin abin damuwa ba ne, kuma shugabannin farko sun fahimci haka.

Ghana ta riƙe kadarorin Faransa tun bayan gwajin farko. Faransa ba ta fasa ba, ta sake a watan Afrilun 1960, ta kuma yi na uku ranar 27 ga Disamba. Najeriya ba ta fi wata uku da samun 'yancin kai ba, amma a farkon Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa, Raymond Offroy, ta hana jiragen sama da na ruwan Faransa sauka a ƙasar. An ɗauki shekaru kafin hulɗa ta dawo. Ina ganin wannan mataki yana cikin abubuwan alfahari na wancan zamani da ba a cika koya wa yaranmu ba. Faransa ta yi gwaji huɗu a sarari a Reggane, ta koma ƙarƙashin dutse a In Ekker ta yi 13 zuwa 1966, har ɗaya daga ciki ya fasa dutsen ya fito a watan Mayun 1962. Abin da Najeriya ta tsira da shi mai ɗorewa shi ne ofishin kariya daga radiyeshin da aka kafa a Jami'ar Ibadan a 1964. Ƙurar sahara ce ta tilasta mana fara awo.

Sai dai tun kafin bam, tururin yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Tun farkon ƙarnin da ya wuce kamfanonin Turawa suke haƙar kuza a tsaunukan Jos, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, daga 1942 zuwa 1944, an kwashi dubban mazaje daga lardunan Arewa aikin tilas a ramukan. Idan an wanke kuza, yashin da ya rage yana ɗauke da monazayit, ma'adini mai toriyom a ciki. Tsibin wannan yashi yana nan jibge a kewayen Jos da Bukuru, masu bincike na jami'o'inmu sun sha auna shi suna samun tururin da ya zarce na ƙasar da ke kewaye nesa ba kusa ba, kuma mutane sun yi ta ɗibarsa suna gini.

Labarin Arlit ya fi wannan ciwo. An gano yuraniyom a arewacin Nijar a 1957. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi a Arlit a 1971, COMINAK ya bi baya a Akokan a 1978. Garuruwa biyu suka tsiro a tsakiyar hamada, suka cika da Buzaye da Hausawan Tawa da Maraɗi da Damagaram masu neman na kansu, har Hausa ta zama harshen kasuwa. Da wannan ma'adini aka riƙa kunna fitilun Faransa. Daga 2003 masana na cibiyar CRIIRAD ta Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta mutanen garin, suka fara awo mai zaman kansa, Greenpeace kuma ta je a 2009. Sun sami ruwan sha da yuraniyom ɗinsa ya haura ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Sun sami titi a Akokan da aka cike da ɓaraguzan rami, tururinsa ya ninka na al'ada sau ɗaruruwa. Sun sami tsofaffin ƙarafan kamfani masu gurɓata ana sayarwa a kasuwa, irin waɗanda talaka ke saye ya yi rufi ko kayan aikin gida. COMINAK ya rufe a ƙarshen Maris 2021, ya bar wajen tan miliyan 20 na dusar ma'adini. A 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAIR. Ko hannun wa ramin ya koma, dusar tana nan tana fitar da iskar radon, mai tururin alfa, kuma huhun da ke shaƙarta na talakan Arlit ne.

Ba daidai ba ne a tsaya a nan kamar sharri kaɗai ke cikin abin. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, kusa da Komadugu Gana, ya ci karo da katako mai tauri a ƙarƙashin ƙasa. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8. Yaya aka san shekarunsa? Duk abu mai rai yana ɗaukar kabon-14 daga iska, sinadarin da ke fitar da tururin bita a hankali. Ranar da aka sare itace, ɗaukar ta tsaya, abin da ke ciki ya shiga raguwa, rabi a kowace shekara 5,730. Da aka auna abin da ya rage, sai lissafi ya ba da kimanin shekara 8,000. Shi ne kwalekwale mafi tsufa da aka sani a Afirka. Komadugu Gana da kogin Haɗeja duk a kogin Yobe suke haɗuwa, saboda haka masuncin Baturiya da ke tuƙa jirginsa tsakanin kachala yana kan sana'ar da ta girmi dalar Masar a wannan kwari, kuma tururin bita ne ya ba da shaidar.

A Zariya ne muka tashi daga waɗanda ake yi wa awo muka zama masu yi. An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya a 1976, daga baya aka buɗe cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Ahmadu Bello. A watan Fabrairun 2004 aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ta farko a ƙasar a wannan cibiya, ƙirar Sin, mai ƙarfin kilowat 30. Ba ta ba da wutar lantarki. Aikinta samar da niyutiron: a saka ɗan samfurin ƙasar gona, ko dutse, ko hatsi, niyutiron ya buge shi, kowane sinadari da ke ciki ya amsa da irin nasa tururin gama, a karanta a san me ke ciki da yawansa. Makamashinta na farko kimanin kilo ɗaya ne na yuraniyom mai tsananin tacewa, irin wanda ake gudun ya faɗa hannun ɓata-gari. A ƙarshen 2018 aka cire shi aka mayar Sin, aka sa mai ƙarancin tacewa, tukunyar ta ci gaba da aiki. Hukumar sa ido kan harkar nukiliya kuwa, wadda dokar 1995 ta tanada, ta fara aiki a 2001. A Shika, asibitin koyarwa na jami'ar ya daɗe yana karɓar masu ciwon daji daga Kano da Jigawa domin gashi da tururin gama na kobal-60. Hasken da ke tsinka zaren gado, idan gwani ya saita shi a kan ƙari, ƙarin yake kashewa.

To, yau ina tsoronmu ya karkata? Ga ƙarfen sabis. A 2020 saƙonni suka cika wayoyi cewa 5G ce ke kawo korona, alhali ba a fara sayar da sabis ɗin 5G a Najeriya ba sai 2022, cuta kuma ƙwayar halitta ce da ba ta hawa igiyar rediyo. Abin da ke fita daga ƙarfen sabis ɗan'uwan abin da ke kawo mana Sashen Hausa na BBC ne tun 1957, da Rediyon Kaduna tun 1962, yana can ƙasa da iyakar nan. A 2011 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da ake ci gaba da sa wa ido, bitar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi a 2024 kuma ba ta sami alaƙa tsakanin wayar hannu da dajin ƙwaƙwalwa ba. Haka ma ake tsoron hoton ƙirji. Akwai masu tari na watanni da ke ƙin zuwa a ɗauke su don sun ji ana cewa yana rage jini ko yana hana haihuwa. Kowane mutum a duniya yana karɓar kimanin milisibat 2.4 na tururi a shekara daga ƙasa da sama da abinci da iskar ɗakinsa. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce abin da ake karɓa a kwana goma ba. Tarin fuka da aka bari ba a gano ba ya fi shi haɗari ninkin ba ninkin. Hoton siti sikan ya fi nauyi sosai, shi ya sa ba a yin sa sai da dalili, mai juna biyu kuma ta faɗa wa ma'aikaci kafin a ɗauke ta kowane irin hoto ne. Hatta hazon hunturu, wanda yawancinsa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake tasowa, ba abin tsoro ba ne ta wannan fuska: siziyom ɗin 1960 da ya rage a duniya bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma awon da aka yi wa ƙurar sahara a Turai a 'yan shekarun nan ya nuna tururinta bai kai na damuwa ba. Ƙurar kanta ce ke cutar da ƙirji.

Wanda ya kamata a ji tsoro a Baturiya yana fitowa kowace safiya daga gabas. Ultrabayolet na rana yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin fata, yana kuma gaggauta yanar ido. Masunci da mai shinkafar fadama suna shan sa ta sama, ruwa kuma ya maido musu da wani ta ƙasa, shekara da shekaru. Malfa mai faɗi da iyayenmu suka riƙe kariya ce ta gaske, tabarau mai tare wannan haske kuma ba ado ba ne ga mai wuni a kan ruwa. Zabiya ya fi kowa shiga haɗari, domin fatarsa ba ta da baƙin da ke tare hasken, kuma dajin fata yana ɗauke da yawa daga cikinsu tun suna matasa. Uban da ya tura ɗansa zabiya kiwo ko tsaron gona da tsakar rana, ba riga mai dogon hannu ba hula, ya zalunce shi ko da bai sani ba. Yaron mai walda da ke kallon wuta da ido tsirara, ya kwana yana jin kamar an zuba masa yashi, shi ma ultrabayolet ne ya ƙona masa ido.

Na biyu shi ne radon, iskar da ke tsattsafowa daga dutse da ƙasa ta taru a ɗaki marar taga, wani lokaci ta biyo ruwan rijiya mai zurfi. Ita ce ke ba da kusan rabin abin da mutum ke karɓa a shekara, kuma bayan taba sigari ita ce kan gaba wajen jawo dajin huhu. Maganinta mai sauƙi ne, iska ta riƙa ratsa ɗaki. Kwarin Haɗeja ya cika da rijiyoyin burtsatse na sha da na noman rani, Jigawa tana da jami'ar tarayya a Dutse da ta jiha a Kafin Hausa, Zariya kuma tana da kayan awo. Ya kamata a riƙa auna ruwan nan akai-akai, a kuma faɗa wa masu shan sa sakamakon da Hausa, a rediyo da bakin masu unguwa, kada ya tsaya a mujallar masana.

Na uku ya shafi 'yan gwangwan, kuma matasanmu da yawa suna wannan sana'a daga Kano har Legas. A 1987, a garin Goiânia na Brazil, wasu masu tsintar ƙarfe suka ɗauko kan tsohon injin gashi daga asibitin da aka bari, suka fasa shi, suka ga gari mai ƙyalli shuɗi a cikin duhu, aka riƙa rabawa 'yan'uwa da maƙwabta. Siziyom-137 ne. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6, kusan 250 suka gurɓata, aka auna mutum fiye da 100,000. Irin waɗannan ƙullin ƙarfe suna nan a Najeriya, a asibitoci da kamfanonin mai da na gina hanya.

Saboda haka, ɗan'uwa mai sayen ƙarfe, idan aka kawo maka wani dunƙule ƙarami mai nauyin da ya fi girmansa, mai alamar fuka-fuki uku baƙaƙe ko jajaye a kan rawaya, kada ka sa masa guduma, kada ka sa shi a aljihu, kada ka kai shi gida. Ka ajiye shi inda yake, ka nisanta mutane da shi, ka sanar da hukuma a ranar.